Kwana biyar a Accra da kamfanin yawon buɗe ido: direban ya ci kuɗinsa, kamfanin kuwa sai a hankali

Tun da na ɗora hotunan nan a sitatus mutane suka hana ni sakat, wane kamfani ne ya shirya muku, nawa kuka kashe, akwai abincin da Musulmi zai ci hankali kwance, teku fa ba ta da tsoro, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta da amsa saƙo ɗaya bayan ɗaya. Sunan kamfanin ba zan kama ba, na otal ɗin ma haka, don har yanzu akwai 'yar maganar kuɗi tsakaninmu ba a gama ba.

Ni ɗan Kwari ne, atamfa da leshi nake sayarwa, shekara bakwai da aure ko Tiga ban taɓa kai madam ba, kullum sai in ce bari bayan Sallah, in ƙaramar ta wuce in ce babba. Ita ce ta ga tallar a Instagram ta turo min ba ta ce komai ba, kun san irin shirun nan da ya fi magana ciwo. Abin da aka rubuta: kwana biyar a Accra, otal a bakin teku, karin kumallo, mota da direba, zuwa bakin ruwa sau biyu, yawon dare, da rakiya kasuwa. Tikitin jirgi naka ne daban. Ka biya rabi kafin tafiya, sauran in ka sauka. Muka kai yara gidan Hajiya muka kama hanya a sati na biyu na Disamba.

Tafiyar ba wahala, Kano zuwa Legas, Legas zuwa Accra wajen awa ɗaya a sama, kuma agogon Ghana yana bayan namu da awa ɗaya don haka kusan lokacin da ka tashi shi ne lokacin da ka sauka, madam ta ce ashe ana iya cin bashin lokaci. Biza babu tunda ECOWAS ce, fasfo kawai, amma kar ka manta katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawar, a jakar hannu za ka sa shi ba a akwati ba. Mun baro Kano ana sanyi har da rigar sanyi a jikina, ina fitowa daga filin jirgi wani zafi mai laima ya rungume ni, ba irin namu mai ƙona fata ba, wannan gumi ne kawai yake tsatsafowa ko kana tsaye a inuwa. Kar ka ɗebi shadda mai sitaci da yawa, na yi wannan kuskuren.

Matsala ta farko tun a mota aka fara. Wadda kamfanin ya turo ta tarbe mu, wata budurwa mai fara'a dai ba laifi, ta ce wai an ɗan samu canji, otal ɗin da ke hoto ya cika, an mayar da mu wani “daidai da shi”. Dalilinta shi ne Disamba, kuma a nan gaskiya ta faɗa, tun shekarar 2019 da Ghana ta gayyaci baƙaƙen fatar Amurka da sauran ƙasashe su dawo gida ziyara, Disamba ta zama kakar Accra, kowa ya sauko, ɗaki ya yi tsada, mota ta yi tsada. To amma ai kun san Disamba ce lokacin da kuka karɓi kuɗina a Oktoba. Otal ɗin da aka kai mu ba a bakin teku yake ba, sai ka hau bene na uku ka tsaya a tagar matattakala ka yi ɗage sannan ka hango wani shuɗi-shuɗi tsakanin rufin gidaje biyu. Abin da ya dace in faɗa, ɗakin tsaf yake, esi na aiki, ruwan zafi akwai, wuta sau ɗaya ta ɗauke a kwana biyar kuma janareto ya tashi nan take, ma'aikatan akwai ladabi, komai sai sun haɗa da roƙo da godiya har ka ji kunyar yin faɗa. Soket irin namu ne ba sai ka nemi wani kan caja ba. Banɗaki babu buta, na san za a yi haka na taho da 'yar ƙarama ta roba a akwati, madam da ta yi min dariya a gida ita ta fara godiya. Karin kumallo kuwa burodi da ƙwai da shayi, gobe ƙwai da burodi da shayi, ga wani sosej da na tambayi naman mene ne aka tsaya kallon juna, daga ranar ban sake waiwayarsa ba.

Abin da ya ceci tafiyar nan direba ne. Muna shiga mota ya ji ina yi wa madam ƙorafi da Hausa sai kawai ya juyo ya ce sannunku da zuwa Alhaji, yaya hanya. Wallahi sai da na ji kamar an sauke min kaya. Ɗan Nima ne, wata unguwar Zango a Accra, a nan aka haife shi, ya ce kakansa fataucin goro ya kawo shi daga ƙasar Sakkwato ta hanyar Salaga bai koma ba, wato Gwanjan nan da muke ji a bakin tsofaffi. Hausarsa irin tasu ce ta Zango, ba ruwansa da mace ko namiji, sai ya ce min Hajiya ya gaji, Hajiya ya ce a tsaya, ranar farko madam ta riƙe dariya har hawaye, zuwa kwana na uku ita ma ta fara ce min Baban yara mota ya zo. Ga Turanci da yaren Tuwi yana cusawa a tsakiya, kowane abu “chale”. Mutum ne mai haƙuri, bai taɓa makara ba, in lokacin sallah ya yi shi zai tuna mana ya san masallacin da ke kusa a kowace unguwa, kuma shi ya ba mu 'yar na'urar intanet ɗinsa muka yi amfani da ita duk zaman don ban samu na yi rajistar layi ba.

Bakin teku na farko Labadi aka kai mu, ranar Lahadi da yamma, ana biyan kuɗin shiga a ƙofa. Jama'a kamar ranar hawan Nassarawa. Kiɗa ta kowane ɓangare, masu ganga, masu wasan tsalle-tsalle suna hawa kan juna, samari da dawakai suna ja a kan yashi ka biya ka hau a ɗauke ka hoto, ni da na taso ina ganin dawakin Sarki sai na ga waɗannan duk sun rame amma madam ta ce sai ta hau, ta hau kuwa tana salati tun daga farko har ƙarshe. Kujerun da ke ƙarƙashin lema na masu abinci ne, in ka zauna sai ka sayi wani abu, mu muka sayi kifi gasasshe da kelewele, wato soyayyar ayabar nan babba da aka cuɗa da citta da barkono, wannan kam ya yi. Masu talla ba sa ƙarewa, mai sarƙa ya tafi mai zane ya zo, mai zane ya tafi mai gyaran farce ya zo, ba sa rashin kunya amma in kana son ka zauna shiru ka kalli ruwa to Lahadi ba ranarka ba ce, ka je da safe a tsakiyar mako. Batun shiga kuma kowa da irin tasa, akwai abin da za ka kawar da kai, ba sai na yi bayani ba, amma madam da hijabinta har ƙasa ta shiga ruwa zuwa gwiwa babu wanda ya ko kalle ta, ga wasu iyalai 'yan Zango ma a gefenmu da tabarmarsu da kulolin abinci.

Ruwan nan fa ba wasa ba ne. Ni na iya iyo irin na kududdufi da dam, na ɗauka duk ɗaya ne, igiya ɗaya ta zo ta buge ni a ƙirji, da za ta koma sai na ji yashin ƙarƙashin ƙafata yana zarewa ana jana ciki, ga gishiri a ido a hanci. Direba da ke tsaye da takalmanmu a hannu ya ce Alhaji dawo baya, tekun nan ba ya san baƙo. Ban sake wuce ƙugu ba.

Na biyun shi ne Bojo, can yamma da gari ta hanyar Kasoa, kuma shi na fi so nesa ba kusa ba. Sai an sa ka a kwalekwale an tsallaka da kai wani ruwa mai kwanciya sannan ka isa wani dogon tudun yashi, ruwa a gabanka ruwa a bayanka, mutane kaɗan, yashin fes. A nan ne na ji na huta, na kwanta na yi barci har madam ta ɗauke ni bidiyo ina minshari. Sai dai hanyar, kai, cunkoson motar da ke tsakanin mahaɗar Mallam da can ya cinye mana kusan awa biyu a dawowa, ku fita da sassafe ku baro kafin la'asar. A cikin cunkoson ne direba yake gaya min sunan Kasoa ɗin nan kasuwa ce tamu ta Hausa baki ya lanƙwasa ta. Ranar Talata kuma ya bi da mu Jamestown wurin hasumiyar nan mai ja da fari, ga jiragen masunta jere a kan yashi an yi musu fenti da tutoci, na ce yau ba aiki ne, ya ce masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku ranar Talata, al'adarsu ce tun kaka da kakanni. Wannan duk ba ya cikin takardar kamfani, shi ya ga dama.

Yanzu yawon dare, inda na fi jin haushi. Tun a waya na gaya musu ni da iyalina ne, ba ma shan giya, ba ma zuwa gidan rawa, aka ce ba komai Alhaji za a tsara muku naku. Ranar da aka sa, ƙarfe goma na dare budurwar nan ta zo ta kwashe mu sai Osu, titin da suke kira Oxford Street, titin kansa ya burge ni, fitilu, shaguna a buɗe, masu suya, masu sayar da riguna da tutar Ghana, mutane na ta kai da kawo kamar rana. Sai ga mu a ƙofar wani kulob, ƙarti biyu a tsaye, kiɗa na dukan ƙirji tun daga waje, wai an kama mana tebur har da kwalba. Madam ta kalle ni na kalle ta. Na ce wa yarinyar 'yar'uwa wannan tebur ki ba wani, ta ce ai an riga an biya ba a mayarwa. Kuɗin da nake bi ke nan har yau.

Direba ne ya ce Alhaji ku shigo mota. Ya kai mu wani fili a buɗe inda makaɗa ke kiɗan hailaif da hannu, jita da ƙaho da ganguna, dattawa da matansu a zaune, wasu na rawa a hankali ba hauka, ana sayar da giya a wurin ba zan ɓoye ba amma an kawo mana sobolo mai sanyi, zoɓo ke nan da citta da abarba, muka yi kamar awa ɗaya. Daga nan ya ce yanzu muje gida, ashe Nima yake nufi.

Jama'a in kun je Accra ba ku ci abincin dare a Nima ba to kun yi asarar kuɗin jirgi. Sha biyu saura amma titi cike, ko'ina Hausa kake ji, wa'azi na tashi a wani shago, ƙwallo a wani, mai shayi da tebur ɗinsa da gwangwanayen madara an jera kamar a Fagge. Suya sunanta chichinga a can, da yajin ƙuli kamar namu sai dai sun fi mu son albasa da tsiran nama. Amma waakye shi ne sarki. Shinkafa da wake ce, sunan ma daga wake ya fito, ana dafa ta da karan dafi shi ke ba ta wannan jan launi, a zuba maka a ganye, a sa taliya, su ma taliya suke ce mata, a barbaɗa garin rogo da aka jiƙa da mai, dafaffen ƙwai, ganda, soyayyen kifi, miya, sannan a kawo shito, wani baƙin yaji da aka soya da busasshen kifi da jatan lande har ya yi duhu. Na ci na ƙara. Yawanci abincin safe da rana ne amma direba ya san wata Hajiya da ke kaiwa dare, tana jin daga Kano muke ta ƙara mana nama ta ce a gaida mutanen Kurmi, wai mahaifinta ya sha ba ta labarin kasuwar. Washegari da asuba muka bar musu burodinsu da ƙwai a otal muka dawo shan koko da ƙosai, kokon nasu har sunansa Hausa koko a duk faɗin Ghana, ya fi namu yaji da kanumfari, ga masa ga pinkaso mai albasa da ake barbaɗa wa sukari. Akwai tuwon zafi ma da miyar ayoyo, akwai burkina, fura ce da nono a gora mai sanyi. Na gwada banku, wani irin tuwonsu na masara, da karfasa a wani wuri daban, kifin ya yi daɗi, bankun tsaminsa ya fi ƙarfina, madam kuwa ta cinye nata da nawa. A wajen unguwannin Zango ka riƙa tambaya kafin ka ci nama, ana sayar da alade a fili kuma ba a ɓoye maka in ka tambaya.

Ranar Juma'a mun yi sallah a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, hasumiya huɗu da ƙubbobi irin na Istanbul, dab da Nima yake. Ciki sanyi, kafet mai laushi, ɓangaren mata ma madam ta ce a wadace yake. Duk wanda ka yi hira da shi sai ya ambaci babban limamin ƙasa Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya haura shekara ɗari, Kirista da Musulmi kowa na girmama shi. Mun leƙa makwancin Kwame Nkrumah ma, an gyara wurin a 2023, yana kwance kusa da matarsa Fathia 'yar Masar, ga mutum-mutuminsa da aka fille wa kai lokacin juyin mulkin 1966 an ajiye kan a gefe. Awa ɗaya ta isa.

Kasuwa kuma nan ne fagena, ba wanda zai yi min wayo a kan zani. Rakiyar kamfani shirme ce, shago uku ta kai mu duk masu esi da farashin Turawa, kuma ina ganin yadda take ƙus-ƙus da masu shagon na gane akwai la'adarta a ciki, ni ma ai ina ba 'yan kamasho a Kwari, ba haram ba ne amma a gaya min. Washegari muka ce ta huta, direba ya ajiye mota nesa muka taka zuwa Makola. Kasuwar mata ce, manyan iyaye da faffaɗan malafa a zaune kan kaya, ba sa son ka taɓa ka yamutsa ka tafi, kuma kar ka ɗaga waya ka ɗauki hoto ba ka tambaya ba, kar ka miƙa kuɗi da hagu, wannan kamar gida. Taya kaya ana yi amma ba irin namu na raba biyu ba, a kan atamfa ɗan abin da za su rage kaɗan ne, in ka matsa sai uwar ta juya kai ta ci gaba da hirarta. Na sayi atamfar GTP turmi huɗu, a Tema ake buga ta, kamun rininta ya yi min, na duba gaba da baya launi ya ratsa, na karanta rubutun bakin zanin. A kula, na Sin da aka kwaikwayi zanen yana nan jibge a gefe ɗaya da na ainihin, in ka ji farashi ya faɗi ƙasa da yawa to ka san abin da ka riƙe. Woodin kuma shagonsu na Osu muka je, farashi a rubuce ba ciniki, madam ta ɗebi yadi na ɗinkin zamani. Kente na gaske saƙar hannu ne, ƙyalle-ƙyalle siriri ake saƙawa a haɗe su da ɗinki kamar yadda ake haɗa saƙinmu, yana da nauyi, yana da tsada sosai, wanda ake miƙo maka a titi da araha bugawa aka yi a kan yadi. A kasuwar kayan gargajiya ta Arts Centre kuwa a nan ake ciniki na gaske, jakar da aka ce min sidi 300 a 120 na ɗauka kuma ina zargin har yanzu an ci da ni.

'Yan matan da ke ɗaukar kaya a ka da manyan kwanonin silba kayayei ake ce musu, ka ji kaya a ciki, yawancinsu daga arewacin Ghana suke, wadda ta ɗaukar mana ba za ta wuce shekara sha biyar ba, madam ta kasa haƙuri ta karɓi leda biyu ta riƙe da kanta ta kuma ninka mata kuɗin. Mun bi ta Kantamanto, kasuwar gwanjon da gobara ta cinye a farkon Janairun 2025, an sake kafa rumfuna ana ta harka. Tsaraba mai sauƙi: cakulan Golden Tree, sabulun salo, man kaɗanya, da shito na kwalba, a naɗe shi da leda uku don nawa ɗaya ya yi yoyo a akwati Allah Ya taimaka ba a kan atamfa ba. Kuɗi kuwa dala na riƙe na canza a shagon canji mai lasisi, su can kusan komai da MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ake biya har mai kwakwa a bakin titi, amma tsabar kuɗi ma ba wanda ya ƙi. Kar ka riƙa lissafa kowane sidi zuwa naira a ka, na yi haka kwana biyu na ga zan hana kaina shan ruwa.

In maki ake so, direba biyar cikin biyar, otal uku, kamfani ɗaya da rabi, rabin ma don sun haɗa ni da direban ne. Wanda zai je, ya kama otal da kansa a Osu ko Labone ko kusa da filin jirgi, ya kira su ya tabbatar da ɗakin da bakinsa, ya nemi direba ɗan Zango ta hannun wanda ya sani, ko ya yi ta Bolt in gajeriyar tafiya ce, kuma in ba bikin Disamba ne ya kai shi ba ya bari sai Fabrairu. In kuma dole sai kamfani, duk abin da aka yi alkawari a rubuta a WhatsApp, sunan otal, irin yawon daren, da abin da za a mayar in an canza, kar ka yarda da “ba komai Alhaji” a waya kamar yadda na yi.

Kuɗin teburin kulob da bambancin otal sun ce za su turo cikin sati biyu. Yau kwana ashirin da uku, jiya na sake yi musu magana aka turo min hoton hannu biyu a haɗe da “muna kan dubawa”. Direban kuwa shekaranjiya ya kira wai yana tambaya ko Hajiya ya isa gida lafiya.